Dankali a Cikin Burodi

A arewacin Ingila, inda da yawa daga cikinmu muka yada zango saboda karatu ko aikin jinya ko aure, akwai wani abinci da ba a cika kai baƙo ya ci ba, ba a kuma sa hotonsa a tallar yawon buɗe ido. Farin burodi ne mai laushi, a tsaga shi biyu, a lafta masa bota, sannan a cika tsakiyarsa da soyayyen dankalin Turawa mai zafi, a barbaɗa gishiri, a yayyafa ruwan khal, a danne da tafin hannu. Shi ke nan. Babu nama, babu ƙwai, babu ganye, babu yaji. Sunansa chip butty. Kalmar farko soyayyen dankali take nufi, ta biyun kuma daga sunan bota aka samo ta, domin a bakin mutanen arewacin ƙasar duk burodin da aka shafa wa bota aka sa wani abu a tsakiyarsa haka ake kiransa.

Duk Bahaushen da ya fara ganinsa tambaya ɗaya yake yi: to ina mahaɗin? A wurinmu tuwo miya yake nema, shinkafa ko ba komai a ba ta wake da mai da yaji, burodin mai shayi ma ana sa masa ƙwai ko ƙosai. Dankali da burodi kuwa 'yan ɗaki ɗaya ne, kamar a ce mutum ya ci tuwo da dambu. Amma ambaci sunan abincin nan a gaban ƙaton direban bas mai shekara hamsin, ko malamar jami'ar da ta zaga duniya, sai ka ga fuska ta saki. Wani ya tuno da kakarsa, wata ta tuno da daren Juma'a a gidansu, ranar da uba ke karɓo albashin mako. Irin sakin fuskar nan ne da muke gani a junanmu idan wani ya ambaci ɗumamen tuwon dawa da man shanu da sanyin safiya. Turawa suna da suna ga irin wannan abinci, ma'anarsa abincin rarrashi, wato abin da bakin mutum ke nema ranar da duniya ta yi masa zafi.

Duk da sauƙinsa, yana da ƙa'idoji, kuma masu shi ba sa wasa da su. Dankalin sai an yanka shi da kauri kamar ɗan yatsan babban mutum, siririn nan na shagunan Amurka ba ya shiga lissafi. Sai ya zama bayansa ya soyu, cikinsa kuma ya yi laushi. Dole ya shiga burodin da zafinsa, domin zafin ne ke narkar da botar ta gangaro ta jiƙa burodin har ta taɓa yatsu. Burodin kuma ba mai tsada ake so ba. Wanda aka fi amfani da shi shi ne farin nan mai taushi na leda, irin wanda ya cika ƙasar tun bayan da masu bincike a garin Chorleywood suka fito da hanyar kwaɓa shi da inji cikin sauri a shekarar 1961. Daga nan sai a rabu gida-gida: wasu jar miyar tumatir ta kwalba suke zubawa, wasu kuma miyar HP mai ruwan ƙasa, wadda ke ɗauke da hoton ginin majalisar dokokin Birtaniya a jikin kwalbarta. Mun ga ma'aurata masu shekara arba'in da aure da har yau ba su daidaita a kan wannan ba.

Ko sunan ma ana musu a kansa. A Manchester da kewayenta za ka ji ana cewa chip barm, a Nottingham da Leicester chip cob, a Scotland kuma duk burodin da aka sa wa abu a tsakiya piece suke ce masa. Kowane gari yana ganin nasa sunan ne daidai, na maƙwabta kuma abin dariya, tamkar yadda Bakano da Basakkwace ke tsokanar juna a kan Hausar wa ta fi. Ta sunan da mutum ya kira burodin nan ake gane garinsu, wani lokaci har da irin gidan da ya tashi.

Kuma gidan da abincin ya fito ba ɓoyayye ba ne. Shi kansa dankalin da muke jingina wa Turawa ba nasu ba ne tun asali. Daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka 'yan Sifaniya suka kawo shi Turai a ƙarni na 16. Soyayyen kifi mai rufin fulawa kuma Yahudawan da suka yi hijira daga Sifaniya da Fotugal ne ake danganta wa shigo da shi Ingila. A tsakiyar ƙarni na 19 ne biyun suka haɗu a shago ɗaya. Mutanen Landan suna cewa wani Joseph Malin ne ya fara a wajajen 1860, mutanen arewa kuma suna cewa John Lees ne a garin Mossley, kusa da Oldham, a wajajen 1863. A Oldham ɗin ma har akwai allo a kasuwar Tommyfield da ke shelar cewa a nan aka fara soya dankali a ƙasar. Ko wane ne ya riga, abin da ya yaɗa sana'ar a fili yake. Jiragen kamun kifi masu amfani da tururi suna sauke kaya a Hull da Grimsby, jirgin ƙasa yana kwasa zuwa garuruwan masaƙu, a garuruwan kuma akwai dubban iyalai da uba da uwa da manyan 'ya'ya duk a masana'anta suke wuni. Matar da ta tsaya a gaban injin saƙa tun duku-duku har dare ba ta da sauran ƙarfin hura wuta. Shagon kan kwana shi ya zama murhun unguwa. Zuwa ƙarshen shekarun 1920 irin waɗannan shaguna sun kai kusan 35,000 a Birtaniya.

Kifi kuwa, ko a wancan lokaci, ba kullum aljihu ke kai masa ba. Uwa mai 'ya'ya biyar takan aiki ɗaya ya sayo dankali na 'yan kwabbai, ita kuma ta yanka burodin da ke gida, ta shafa abin da ya samu, ta raba. Dankalin da ba zai ishi mutum biyu ba, idan ya shiga burodi sai ya kai wa shida. Dabarar talaka ce ta auki, irin wadda iyayenmu mata suka sani sarai lokacin da suke ƙara ruwa a miya idan baƙi sun sauka ba shiri. Marubuci George Orwell ya zauna da ma'aikatan haƙar kwal da marasa aiki a Wigan da Barnsley da Sheffield a 1936, ya kuma fitar da littafinsa The Road to Wigan Pier a 1937. A ciki ya amsa wa masu kuɗin da ke zargin talakawa da ɓarnar 'yan kuɗinsu a kan soye-soye maimakon abinci mai gina jiki. Abin da ya lura da shi shi ne, wanda cikinsa ke cike kuma hankalinsa ke kwance shi ke iya haƙuri da abinci salam don lafiyarsa. Wanda ya wuni cikin sanyi da takaici da rashin aiki kuwa, abu mai zafi mai ɗanɗano yake nema, ko da na minti biyar ne.

Gwamnati ma ta san da haka. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, an sa bota da sukari a tsarin rabon abinci da kati tun watan Janairun 1940, nama da sauran kaya suka biyo baya, tsarin kuma bai ƙare gaba ɗaya ba sai 1954. Burodi ma an taƙaita shi daga 1946 zuwa 1948. Amma duk tsawon yaƙin ba a sa kifi da dankalin shago a kati ba. Ma'aikatar abinci ta dinga kiran mutane su ci dankali sosai, tun da a gida ake noma shi, ba sai jirgin ruwa ya ratsa teku mai cike da jiragen yaƙin Jamus ba. Yaran da suka tashi a wancan zamani su ne tsofaffin yau, kuma bakinsu bai manta ba.

A nan labarin ya ɗan taɓo gida. Ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, wadda mutanen Zariya da Funtuwa suka sani da BCGA, a Manchester aka kafa ta a 1902 domin nema wa masaƙun Lancashire auduga. Da dogo ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai zai kwaso, sai manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Gyaɗar nan da aka tara dala-dala, wani kaso nata Ingila ya nufa, inda ake matse manta a yi abubuwa da dama, ciki har da bota ta man tsirrai, irin Blue Band da muka sani, wadda ita ce ta talaka domin ta nonon saniya ta fi tsada. Saboda haka idan muka riƙe burodin nan a wani lungu na Oldham, mukan tuna cewa kakanninmu da kakannin mai shagon sun yi wa kasuwa ɗaya bauta ba tare da sun san juna ba, wannan da fartanya a rana, wancan a gaban inji cikin ƙurar auduga. Masu cin ribar dai ba a layin shagon dankali suke tsayawa ba.

Hoton Ingila da muka taso da shi na fadar sarauta ne da Landan da filayen ƙwallo masu haske. Abincin nan yana nuna wata Ingilar, ta mutanen da ke ƙirga kuɗi kafin ƙarshen mako. Sheffield garin ƙarfe ne, kewayensa kuma mahaƙar kwal, kuma a shekarun 1980 duka biyun suka durƙushe. A yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, matan ƙauyukan yankin ne suka buɗe ɗakunan girki na taimakon juna suna ciyar da iyalan da suka yi kusan shekara babu albashi. Mutanen da suka ga wannan ba sa jin kunyar abincin talauci. Magoya bayan ƙungiyar Sheffield United har waƙa gare su mai ɗauke da sunan chip butty, wadda suka ɗora a kan karin wata waƙar John Denver, suna rera ta a filin Bramall Lane kafin a take wasa. Dubban mutane ne ke miƙewa tsaye suna yabon dankali a cikin burodi da iya ƙarfin muryarsu, kamar masu kirarin gidan sarauta. Abin da suke faɗa wa duniya shi ne: mu 'yan nan ne, wannan muka ci muka girma, kuma ba mu neman afuwar kowa.

Mu kuma ta ƙofar larura muka shiga. Ɗalibin da ya sauka a watan Satumba yana juya kowane fam zuwa naira a zuciyarsa, ga tsoron cin abin da bai halatta ba, idan ya duba allon shago sai ya ga abin da ya fi araha shi ne kuma wanda babu nama a ciki. Da babu gara ba daɗi. Duk da haka sai an yi tambaya, domin a Yorkshire shaguna da yawa da kitsen shanu suke suya kamar yadda suka gada, wasu kuma a mai ɗaya suke soya dankali da kayan alade. Shi ya sa jimlar Turanci ta farko da yawancinmu muka ƙware a kanta ita ce, "Don Allah, da wane mai kuke suya?" A Bradford da unguwanni irin su Cheetham Hill a Manchester abin ya zo da sauƙi, domin shaguna da dama na Musulmi ne 'yan asalin Pakistan. A Scotland zuriyar Italiyawa sun daɗe a sana'ar, a tsakiyar Ingila Girkawan Cyprus, a wurare da yawa kuma 'yan China. Abincin da Bature ke kira nasa na gado, sau da yawa hannun baƙo ne ke miƙa masa shi.

Sai hunturu ya shigo mutum yake gane amfaninsa na gaskiya. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, a yi Azahar da La'asar da Magariba kusan a jere, ga yayyafi mai sanyi da ba ya tsayawa. Ka fito daga aiki ƙafa ta yi nauyi, babu wanda ya tambaye ka ya gajiya, babu maƙwabcin da zai leƙo da kwanon tuwo. Daga nesa sai ka hango shago ɗaya da hasken fitila, gilashinsa ya yi gumi saboda tururi. Matar da ke bayan kanta takan kira kowa da kalmar da ke nufin abin ƙauna, yaro da tsoho, fari da baƙi, har da mai gemu da hula, kuma ba ta nufin komai da ita sai sannu da zuwa. Ta naɗe maka abin a takarda, ka riƙe shi da hannu biyu, zafin ya ratsa yatsun da suka sandare tun kafin ka kai baki. Rabin rarrashin a nan yake.

Waɗanda ke aikin kula da tsofaffi a cikinmu sun fi kowa sanin ƙarfinsa. Akwai tsohuwar da mantuwa ta ci ƙarfinta, ba ta gane 'yarta, ba ta san ranar da ake ciki ba, a kawo abinci mai kyau da likita ya tsara ta kawar da kai. Amma ranar Juma'a, da yake har yau gidaje da makarantu da yawa suna riƙe da tsohuwar al'adar Kirista ta cin kifi a ranar, idan aka kawo dankali sai ka ga hannunta ya miƙa da kansa ya ɗauki burodi, ya jera dankalin ɗaya bayan ɗaya, ya ninke, ya danne. Babu wanda ya tuna mata. Sunaye sun tafi, hannun bai manta ba. Mai kallon wannan ba zai rasa tuna tsohuwarsa da ya baro a gida ba, da tambayar wa ke dama mata kunu yanzu.

Abincin ma yanzu yana cikin matsi. A 2022, bayan Rasha ta afka wa Ukraine, man suya ya yi tsada domin yawancin man furen rana daga yankin yake fitowa, kuɗin gas da lantarki ya haura, gwamnati kuma ta ɗora ƙarin haraji a kan farin kifin Rasha. Shaguna da dama sun rufe, waɗanda suka rage a ƙasar ba su kai kashi ɗaya cikin uku na yawansu na da ba. Kifi da dankali, wanda a da shi ne abincin ma'aikaci, ya fara zama abin da iyali ke shawara kafin su saya. Sai ga mutane sun koma inda kakanninsu suka faro: a bar kifin, a sa dankalin a burodi. Likitocin cikinmu suna gargaɗi, kuma da gaskiyarsu, cewa mai da gishiri da farin burodi kullum hanya ce ta hawan jini da ciwon suga. Su kansu masu shi ba su ce a ci kowace rana ba. Amma wanda zai yi wa talaka wa'azin abinci, ya kamata ya fara sanin nawa ne a aljihunsa da irin wunin da ya yi.

Inda abin ya fi taɓa mu shi ne wajen 'ya'yanmu. Yaron da aka haifa a Leeds ko Sheffield ya dawo daga makaranta ido ya yi ja, an tsokane shi ko ya faɗi jarrabawa. Uwa ta ce, "Zo nan, Abba, me za ka ci?" Ga tuwon shinkafa da miyar kuka da aka sha wahalar nemo kayanta, kukar ma a jakar wani ta zo daga Kano. Sai ya ce, "Umma, a sa min dankali a burodi." Ranar da aka faɗa wa kakarsa ta waya, sai ta yi salati ta ce, "Dankali a burodi? Ko ƙwai babu? Ku dai ku ji tsoron Allah ku dinga ba yaran nan abinci." Mukan yi dariya, amma a ƙarƙashin dariyar akwai wani abu mai nauyi. Abin da ke rarrashin yaron nan ba shi ne ke rarrashinmu ba. Wata rana zai girma, ya yi nisa da mu, duniya ta yi masa zafi, kuma ƙamshin da zai nema na ruwan khal ne a kan dankali mai tururi. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba a faɗa mana cewa 'ya'yan wanda ya bar gida za su yi wani gidan a kan harshensu ba.

Wasu iyaye suna hanawa, suna ganin kowace loma tana nisanta yaro da asalinsa. Yawancinmu mun ga hanin ba ya aiki, domin abincin rarrashi ba a zaɓa wa mutum shi. Shi ne duk abin da hannun da ke ƙaunarka ya miƙo maka lokacin da kake ƙarami kana jin sanyi. Abin da ke hannunmu shi ne mu tabbata hannun namu ne. Saboda haka a gidajenmu da yawa yanzu ana fere dankalin a gida, a soya shi da man gyaɗa, uwa ta shafa botar da kanta, uba kuma ya miƙo kwalbar yajin ƙuli da aka aiko daga gida a barbaɗa a kai maimakon miyar HP. Abokan yaran da ke zuwa wasa har sun fara tambayar a ƙara musu jan garin nan. Da safiyar Asabar kuma, da babu makaranta babu gaggawa, a ɗumama tuwon jiya a sa man shanu, a zauna a ƙasa a ci a kwano ɗaya, ko yaro ya ɓata fuska. Ba mu da tabbacin wanne zai fi zama a zuciyarsa, amma Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara. Idan wata rana, a wani gari da ba mu sani ba, ya shiga shago cikin sanyi ya karɓi dankalinsa a burodi, ya ji kamar akwai abin da ya rage har ya fara laluben yaji, to mun isar da saƙon.